Wata biyar ina bin katin Garwa, daga banki zuwa gidan waya zuwa zauren Bappa

Gara ce ta jefa ni cikin wannan harka. Shekara biyu ke nan da muka tashi gyaran ɗakin marigayi mahaifina a Hausare, unguwarmu a Garwa ta Kamaru, muka jawo akwatin katako daga ƙarƙashin gado, muka buɗe, sai ƙasa. Takardun gida sun tsira don suna cikin gwangwani, hotuna kam gara ta yi walima da su. Cikin waɗanda suka tafi har da wanda na buɗi ido ina gani, kakanmu tsaye a tashar jirgin ruwa ta Binuwai, zamanin da yake dakon buhunan gyaɗa kafin ya koma ɗinki. Abin da ya rage daga hoton bai wuce faɗin yatsa biyu ba, ƙafar mutum da gefen buhu. Na daɗe ina jin abin a raina. Tun da na fara nuna katunan da na tara, mutane ke tambayata yadda ake sayo su daga Turai, shi ya sa na ga gara in rubuta hanyar da na bi tiryan-tiryan, har da wautar da na tafka, don wanda zai biyo baya ya rage wahala.

Cikin Nuwamba ne, bayan la'asar, kasuwa ta yi sanyi ina zaune a shago, na rubuta a waya da Faransanci ina neman tsohon hoton tashar jirgin Garwa. Abin da ya fito mini talla ce. Katin hoto ne irin wanda Turawa ke saya su rubuta gaisuwa a bayansa, su liƙa tambur su aika gida, wanda muke ce wa kart postal. Wani mutum a Faransa ya sa shi a Delcampe, kasuwar intanet ta masu tara tsoffin katuna da tambura da kuɗaɗen da, wadda aka kafa a Beljiyam a shekarar 2000. Baƙi da fari ne, gefensa tsaga-tsaga kamar bakin zarto, ga jirgi ya jingina, ga buhuna jibge, ga 'yan dako sun jeru. Kuɗinsa Yuro 9. Da yake canjin Yuro da sefa ba ya motsi, Yuro 1 sefa 655.957 ce kullum, lissafin bai ba ni wuya ba: wajen sefa 5,900. Na ce ai wannan cefanen kwana biyu ne. Ashe kuɗin katin shi ne ƙaramin abu a tafiyar.

Kafin in sayi komai na kwashe mako guda ina leƙe-leƙe, kuma wannan makon ya yi mini rana. Na gane cewa wanda ya nemi gari da sunansa na yau kaɗai, rabin kayan zai wuce shi. Jamusawa Garua suke rubutawa, Faransawa kuma Garoua. Marwa haka, Marua da Maroua. Injamena sai ka neme ta da Fort-Lamy, sunan da ta riƙe har 1973, Kuseri kuma Fort-Foureau. Masu sayarwa suna da gajerun kalmominsu: CPA na nufin tsohon kati na farkon ƙarni, CPSM na tsakiya, wajen shekarun 1950, CPM kuma na baya-bayan nan mai launi. Na ga na zamanin Jamus da koren tambur na fenik 5 mai hoton jirgin ruwan Kaisa, sarkin Jamus, na kalli kuɗinsa, na wuce da sauri. Abu na biyu da na koya, ba kowane mai sayarwa ne ke yarda ya aiko kaya Afirka ba. Sai ka tambaye shi tukun. Nawa ya amsa mini washegari, ya ce zai aiko, wasiƙa ta gama-gari Yuro 2, ta rajista Yuro 8. Rowa ta sa na zaɓi ta Yuro 2.

Sai maganar biya. Kuɗina na cikin waya, shi kuwa Bature bai san wannan ba, katin banki ake so. Na tafi banki neman katin Visa irin wanda ake zuba wa kuɗi a kashe. Zuwan farko layi kawai na bi, kusan awa ɗaya da rabi, na iso gaban mai aiki ta karanto mini abin da zan kawo: fotokofin katin ɗan ƙasa, hoto 4x4 guda biyu, da zanen hanyar gidanmu. Wannan zanen ya ba ni dariya. Na zauna na ja layin kwalta, na sa masallaci, na sa mai shayi, na sa kibiya a ƙofar da ke da bishiyar dogon yaro, aka kuma karɓa ba musu. Zuwa na biyu na cika takarda, na biya sefa 10,000 kuɗin katin, na zuba 15,000 a ciki. Da dare na zauna zan biya, shafin ya ce an turo mini lambar sirri ta saƙon waya. Shiru. Na sake, shiru. Sai da na yi sau huɗu sannan na tuna lambar da na rubuta musu a takarda ta tsohon layina ce, wanda ya ɓace tun bikin ƙanwata. Zuwa na uku ke nan, don gyara lamba. Ranar 4 ga Disamba kuɗi suka fita, Yuro 11, da ɗan abin da banki ya cire a kai.

A nan na yi babbar wautar. Da aka nemi adireshi, na rubuta yadda nake yi wa ɗan moto kwatance: sunana, unguwar Hausare, kusa da masallaci, Garwa, Kamaru. Ko lambar waya ban sa ba. A raina ina ganin wani zai zo ya yi sallama a ƙofar gida da ambulan a hannu, alhali tun da aka haife ni ban taɓa ganin an kawo wa kowa wasiƙa gida a unguwarmu ba. Wasiƙa a ƙasar nan akwatin gidan waya take zuwa, B.P. ɗin nan da muke gani a jikin allunan shaguna. Mako uku suka wuce, huɗu, shida. Na rubuta wa mutumin, ya turo mini hoton ambulan ɗin da ya ɗauka kafin ya jefa, ya ce iyakar abin da ke hannunsa ke nan, wasiƙar gama-gari ba ta da lambar bibiya. Gaskiyarsa. Kuɗin ba su dame ni ba kamar tunanin cewa katin guda ɗaya ne a kasuwar, ya yi shekara sittin da wani abu a aljihun teburin wani a Faransa lafiya lau, ni na zo na salwantar da shi don in tsimi Yuro 6.

Ƙarshen Janairu, hazo ya rufe gari, na ce bari in je gidan waya in ji ta bakinsu. Rabona da shiga wurin tun ina ɗan makaranta. Taga ta farko aka tambaye ni lambar akwati, na ce babu. Lambar bibiya, na ce babu. Matar ta dube ni yadda ake duban wanda ya zo asibiti ya manta inda ke masa ciwo, ta nuna mini benci ta ce in jira wani dattijo da ke rarraba wasiƙu a ciki. Ina zaune ina kallon jerin ƙananan ƙofofin ƙarfe masu lamba, na tuna ashe shugaban ƙasarmu na farko, Ahmadu Ahijo, ɗan garin nan, a aikin gidan waya ya fara cin abinci, yana aikin rediyon tangaraho tun 1942. Bayan kamar minti arba'in dattijon ya fito. Na gaishe shi da Fulatanci, ya ji harshena ya juya Hausa. Na ce, "Baba, wasiƙa nake nema daga Faransa, ba ta da akwati." Ya ce, "Ɗana, masallaci nawa ne a Hausare?" Ban da amsa. Na nuna masa hoton ambulan ɗin a waya, kuma wannan hoton ne ya cece ni, don ya ga launinsa da irin tamburan da ke kai. Ya shiga ya fito da wani ɗauri da aka ɗaure da roba, wasiƙun da ba a san masu su ba, ya lashi yatsa ya dinga ɗagawa ɗaya-ɗaya. Tawa ce ta kusan ƙarshe. Ya karɓi katin ɗan ƙasata ya gwada suna, na sa hannu a littafi. Ya ce da na ƙara jinkiri da an mayar da ita inda ta fito.

Ban iya kaiwa gida ba, a kan bencin na buɗe. Mutumin ya sa katin tsakanin kwali biyu. Ya fi yadda na zata ƙanƙanta, tafin hannuna ya kusa rufe shi, kuma yana da wani wari na tsohon littafi. A baya akwai rubutun tawada shuɗiya, layi biyar, wani yana gaya wa mahaifiyarsa zafi ya yi yawa amma yana lafiya, jirgi ya zo da kayan gwangwani. Hatimin da aka buga a kan tamburin ya ɗan dushe, sai dai ana karanta Garoua da 1954. Na juya gaba ina ƙirga 'yan dakon, su goma sha ɗaya, babu wanda fuskarsa ta fi ƙwayar gero girma. Ba zan ce kakana na cikinsu ba. Amma wurin ne, aikin ne, zamanin ne. Jiragen nan daga bakin teku a Najeriya suke hawowa, su bi Kwara su shiga Binuwai su wuce Yola, kuma 'yan watannin da kogi ya cika ne kawai suke iya isowa Garwa, su sauke gishiri da siminti da man fetur, su lodi gyaɗa da auduga su juya kafin ruwa ya janye. Abin da Bappa, ƙanen kakanmu, ke ba mu labari muna yara ke nan, ga shi a hannuna.

Ranar ban bar gidan wayar ba sai da na tambayi yadda ake kama akwati. Wannan bai wahalar da ni ba: takardar cikawa, fotokofin katin ɗan ƙasa, kuɗin shekara da na mabuɗi, bayan kwana uku na dawo aka ba ni lamba. Wani abokina ya ce in yi amfani da akwatin shagon maigidansa in huta. Dattijon nan ya hana ni, ya ce in kaya na rajista ne, sunan da ke jikin ambulan shi zai zo da katinsa, kuma takardar sanarwa sai ta kwana a aljihun yaron shago mako biyu ba ka sani ba.

Da na samu akwati sai ido ya buɗe. Cikin Fabrairu na ci karo da wata mai sayarwa da ta haɗa katuna 26 na arewacin Kamaru da Cadi a dunƙule, Yuro 45. Wannan karon na biya Yuro 14 na rajista ban yi ciniki ba. Jimla Yuro 59, wajen sefa 38,700, kuɗin da sai da na ɓoye wa uwargida adadinsa na ɗan lokaci. Adireshi na rubuta shi yadda ya kamata: suna kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, harafi da harafi, lambar B.P., gari, ƙasa, sannan lambar waya. Ta turo mini lambar bibiya mai gurbi 13, haruffa biyu a gaba, lambobi tara, FR a ƙarshe. Kwana huɗun farko ina ganin motsinsa, har aka rubuta ya bar Faransa. Daga nan ya tsaya cak. Kullum da asuba in duba, maganar ɗaya. Kada wannan ya tayar wa kowa da hankali, kaya na sauka kudu ne tukun kafin su hawo arewa, kuma akwatinka zai riga shafin intanet ba ka labari. Na koma leƙa akwati Talata da Juma'a. A mako na biyar na tarar da 'yar takarda, an rubuta in zo da katin shaida, an kuma ja layi ƙarƙashin kalmar duwan, wato kwastan.

Azumi ya riga ya kama, ga zafin Maris na Garwa da ya haura digiri 40. Na je da azahar aka ce jami'in duwan da safe yake zama, in dawo. Washegari ƙarfe takwas ina wurin, mu bakwai a benci, akwai mai jiran magani, akwai ɗalibar da aka aiko wa littattafai. Da layi ya zo kaina aka ɗauko ƙunshin, a jikinsa an liƙa 'yar takardar da ake kira CN22, inda mai aikowa ke rubuta abin da ke ciki da kuɗinsa. Jami'in ya ɗauko reza. Gabana ya faɗi, na ce, "Shef, don Allah a hankali, takarda ce tsohuwa." Ya miƙo mini rezar ya ce in yanka da kaina. Ya tambaya na sayarwa ne, na ce na ajiya ne. Ya nemi shaidar abin da na biya, kuma Allah ya taimake ni na buga rasit ɗin a takarda tun jiya, kuɗin ya yi daidai da na jikin ƙunshin. Wanda ya roƙi mai sayarwa ya rage kuɗi a rubuce don gudun haraji, a nan zai kama kansa, kuma in kaya suka ɓace abin da aka rubuta za a duba. Ya dinga ɗaga katunan yana kallo, ya tsaya a kan na duwatsun Rumsiki, ya kira abokin aikinsa ya ce zo ka ga garinmu babu ko kwano ɗaya a kan rufi. Ya yi lissafinsa, na biya, na karɓi rasit, na koma tagar gidan waya na biya nasu kuɗin na miƙa kaya, shi ma da rasit. Duka biyun sun tasam ma sefa 9,000. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na fito, maƙogwaro kamar an zuba toka.

Saura kaɗan in lalata komai da hannuna bayan duk wannan. Na kai su wurin masu fotokofi don a ɗauke su a kwamfuta, na fita amsa waya, na dawo na tarar yaron ya kunna injin plastifiye, ya zura katin tashar jirgi cikin leda yana jira inji ya yi zafi. Alheri yake nufi, don a nan duk takarda mai daraja haka ake yi mata. Ihun da na yi sai da mai shagon ya fito. Ledar nan da zafi da gam take kama takarda, in ta kama ba ta sakewa, kuma katin ya tashi daga tsohon kaya ya zama abin ado na banza. Muka zauna tare na sa ya goge gilashin na'urar, muka ɗauki kowane kati gaba da baya a kan dpi 600, wato yawan ɗigon da na'urar ke ɗauka a kowane inci. Da farko ya so ya yi a 150 don sauri, wanda in ka ƙara girman hoton fuska sai ta zama dusa. Bayan katin ma a ɗauka, don can ne hatimi da tambur da sunan mai bugawa suke. Na biya sefa 200 kowane gefe, na sa a filas, na kuma tura wa kaina ta imel.

Daren ranar bayan asham na baje su a kan farin zane, na ari gilashin ido ɗaya na maƙwabcina mai gyaran agogo. Da shi na koyi rarrabe su. Kati na ainihin hoto, wanda aka wanke a takardar hoto, ko ka ƙara girmansa sumul yake, wani lokaci gefensa na ƙyalli kamar azurfa in ka karkata shi ga fitila. Na injin ɗab'i kuwa ɗige-ɗige ne a jere kamar raga. Girma ma na magana: tsoffin wajen santimita 9 da 14 ne, na baya sun kai 10.5 da 15. Bayan kati in babu layin da ya raba shi biyu, duk filin na adireshi ne, to tsoho ne ƙwarai, don Faransa a 1904 ta fara barin a yi rubutu a rabin baya, Jamus kuma a 1905. Rubutun Jamusanci da Garua yakan nuna hoton an ɗauke shi tsakanin 1901 da suka ci garin da Yunin 1915 da sojan Ingila da Faransa suka karɓe shi, ko da yake Jamusawa sun ci gaba da buga tsoffin hotunansu bayan ƙasar ta fita hannunsu. Nawa dai yawanci na shekarun 1950 da 1960 ne, da dama an rubuta Hoa-Qui a baya, kamfanin hotuna na Faransa da ya cika kantunan Afirka da katuna a lokacin. Akwai gidajen laka na Musgum masu kama da tulun da aka kifa, akwai dawakin Rai Buba cikin lifidi, akwai kwale-kwale a kogin Shari gaban Fort-Lamy. Hatimi yana gaya maka ranar da aka aika kati ne kawai, hoton kan iya girme shi da shekara goma.

Bayan salla na kai wa Bappa, ƙanen kakanmu, wanda ya haura tamanin. Kwafi na buga masa manya a takarda, na asalin na bar su gida, don na san hannu da yawa za su taɓa, ga goro ga shayi. Na zaɓo wanda na fi alfahari da shi, an rubuta a ƙasansa kasuwar Garwa, 'yan kasuwa Hausawa. Ya kawo shi daf da hancinsa, ya nisantar, ya daɗe. Ya ce, "Kai ɗan nan, wa ya ce maka nan Garwa ce?" Na ce, "Bappa, ga shi a rubuce." Ya ce, "Wanda ya rubuta ya taɓa cin kasuwar? Dubi dutsen nan da ya taso a bayan rumfuna kamar zai faɗo musu. Mu dutsen Tingilin can nesa yake. Wannan Marwa ce." Ya kira abokinsa da ya yi shekara ashirin yana fataucin fata a can, shi ma kallo ɗaya ya yi ya ce Marwa. Na ji kunya, don na riga na sa hoton a Facebook da sunan Garwa, mutum fiye da ɗari sun yaɗa. Na koma na gyara, amma gyara ba ya gudu kamar kuskure. Da na miƙa masa na tashar jirgi kuwa, sai zauren ya yi tsit. Ya sa yatsa a kan wani dogon gini ya ce nan ake auna gyaɗa, nan magatakarda ke zama yana ba kowane ɗan dako tsinke a kan buhu, da yamma a ƙirga tsinke a biya. Ya faɗi sunan shugaban 'yan dako na lokacin da unguwar da ya zauna. Na kunna waya na ɗauki muryarsa minti hamsin, kuma a wurina wannan ya fi katunan 27 ɗin daraja.

Akwai guda huɗu da ban kai zauren ba, ban kuma sa su a intanet ba. Hotunan 'yan mata ne na kan duwatsu, ba sutura, an tsayar da su suna kallon na'ura, an rubuta sunan ƙabila a ƙasa kamar yadda ake rubuta sunan tsuntsu. Irin waɗannan sun cika kasuwar, kuma suna da masu saye. Kakannin wasu ne da muke gaisawa da su a kasuwa. Ban yaga su ba, don su ma shaida ce ta yadda mai na'urar ke kallon mutane, amma suna cikin ambulan dabam.

Da na zauna na tara lissafi, katin banki, akwati, kuɗin aikowa, duwan, ɗauka a kwamfuta da kuɗin moto, na ga abin da na kashe a hanya ya haura kuɗin katunan kansu. Da yau zan fara, akwati zan kama kafin in sayi ko kati ɗaya, in tabbatar lambar wayar da ke banki ita ce a hannuna, in tara abin da nake so wurin mai sayarwa ɗaya a aiko a ƙunshi guda ta rajista, in kuma roƙe shi hoton ambulan kafin ya jefa. Wajen ajiya, gwangwani ko akwatin ƙarfe a kan kanta, nesa da bango da ƙasa, kowane kati cikin farar takarda tasa. Ban da gam, ban da salatif, ban da roba, ban da albam mai manne-manne, ban da rataye na asali a bango inda rana ke bugu. In za a yi rubutu a baya, da fensir mai laushi, biro na huda takarda ya kuma ratso gaba. Damina in ta shigo ina buɗe akwatin duk mako biyu in duba. Wanda ya samu tsoffin fim na hoto a situdiyo ya ji suna warin tsami kamar binega, ya raba su da sauran ya yi maza a ɗauke su, sun fara ruɓewa ke nan.

Abin da ban zata ba shi ne labari ya zaga dangi. Mako biyu bayan zaman zaure Goggo ta aiko a kira ni. Na tarar ta fito da wata fanteka daga cikin jeren kwanoninta, ƙarƙashin tsoffin zannuwa akwai ambulan mai ɗauke da hotuna tara na situdiyo. Shekara arba'in ina shiga ɗakin nan ban san da su ba. Ta ce, "Ba ba ka na yi ba. Ka kai a yi musu abin da ka yi wa na Bature, ka dawo mini da su kafin magariba. Wannan da ba ni da mayafi kuma kada in gan shi a waya." Na ce to, Goggo. Kafin in tashi na zaro fensir, ina nuna mutum tana faɗin suna ina rubutawa a takarda dabam. A na bakwai maza uku ne zaune gaban labule mai zanen jirgin sama, na tsakiya da tef ɗin awo a wuya. Kakanmu ne, ya fi wanda gara ta ci ƙuruciya. Na dama ta ce abokin ɗinkinsa ne daga Yelwa. Na hagun ta juya hoton ta sake juyawa, ta ce fuskar ta san ta, sunan ya gudu, sai dai in tambayi ƙawarta da ke aure a Pitowa, ita ba ta mantuwa. Na mayar mata da hotunanta ana kiran salla. Ranar Lahadi kasuwar Pitowa ke ci, na riga na buga kwafin na sa a jaka.